Kwana Ne Ya Ƙare, Ko Ƙarar Da Shi Aka Yi?

Duk wanda ya saba zuwa zaman makoki a ƙasar Hausa ya san tambayoyin da ake yi da amsoshin da ake bayarwa, kai ka ce a allo aka rubuta mana su muka haddace. "Ashe haka Allah Ya yi ikonSa? Ya jima yana jinya ne?" Sai a ce, "Wallahi 'yar gajeruwar rashin lafiya ce, kwana uku kacal ya yi a kwance." Sai kowa ya girgiza kai, a ce, "Allahu Akbar, kwana ya ƙare." A yi addu'a, a shafa, a tashi. Mamacin nan kuwa in ka bincika, shekararsa arba'in da biyar, ɗan dako ne ko leburan gini, ya bar mace da 'ya'ya bakwai. Can a wata unguwar kuma ga Alhaji wane, sa'an mahaifin mamacin ne, yana nan garau da shekara tamanin, bana ma ya je Umara.

Maganar "kwana uku" ɗin nan ce nake son mu ɗan tattauna a kai. Ni a ganina, a mafi yawan lokuta jinyar ba ta kwana uku ba ce, ta shekara arba'in da biyar ce. Tun mutumin yana ciki aka fara cin bashi a jikinsa, aka yi ta ci yana yaro, aka ci yana saurayi, aka ci yana magidanci, ranar da ya faɗi kuwa ranar biya ce kawai ta zo.

Na san wani zai yi wuf ya ce, Malam, kana ja da ajali ke nan? A'uzu billahi. Ba Musulmin da ke shakkar cewa kowa da ranarsa. Amma malamanmu da suka karantar da mu ajali su ne kuma suka karantar da mu cewa komai da sababinsa. Sayyidina Umar da kansa, lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ganin kamar gudun ƙaddara ya yi cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Idan direba ya yi tuƙin ganganci ya kashe mutum, ba ma cewa ai kwana ne ya ƙare a sallami direba. To don me idan yunwa da ruwan kududdufi da rashin asibiti suka yi kisan, sai mu ce ba ruwan kowa?

Bari mu fara da ƙananan yara, domin a nan ne abin ya fi fitowa fili. Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. Wanda aka sake yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ya sauko zuwa 110, alhamdu lillahi. Amma wannan lissafin gamayya ne, irin na a haɗa mai akuya goma da marar ko ɗaya a ce kowa na da biyar. In ka rarrabe alƙaluman 2018 ɗin, sai ka ga a Jihar Ogun yara 30 ne ke mutuwa cikin 1,000, a Jihar Kebbi kuwa 252. Wato ɗaya cikin huɗu. A gidajen da suka fi talauci 173 ne, a waɗanda suka fi wadata 53. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, shugaba ɗaya. Shin Mala'ikan mutuwa taswira yake dubawa, ko kuwa akwai wani abu da Ogun take da shi wanda Kebbi ba ta da shi?

Wannan kowa zai iya yarda da shi ba musu. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, yaron da ya tsallake siraɗin shekara biyar ɗin nan ba wai ya tsira ba ne gaba ɗaya. Da tabon yake tafiya.

Akwai wani labari daga Ingila da ke burge ni ƙwarai. A 1911, wata shugabar unguwarzoma a gundumar Hertfordshire mai suna Ethel Burnside ta sa ma'aikatanta su riƙa bin gida-gida a kan kekuna, ɗauke da sikeli, suna auna nauyin kowane jariri ranar haihuwa da kuma in ya cika shekara, suna rubutawa a manyan littattafai. Aka yi ta cika littattafan nan, aka jibge su, aka manta. Bayan shekara saba'in da wani abu, wani likita a Jami'ar Southampton, David Barker, ya tono su, ya bi sawun maza sama da 5,600 da aka haifa tsakanin 1911 da 1930 don ya ga me ya kashe waɗanda suka mutu. Abin da ya wallafa a 1989 ya girgiza likitoci: waɗanda suka fi ƙarancin nauyi a jarirantaka su ne suka fi mutuwa da ciwon zuciya a lokacin da suka manyanta. Ciwon da ake ɗora wa cin mai da zaman kujera, ashe wani ɓangare na tushensa yana can cikin mahaifa.

Yadda abin yake faruwa ba wani sihiri ba ne. Idan uwa ba ta samun isasshen abinci, ɗan tayin da ke cikinta sai ya yi irin dabarar magidancin da kuɗin gini suka yanke masa: ya ƙarasa ɗakin da ya fi muhimmanci, sauran a yi masu kwaskwarima. Ƙwaƙwalwa ake fara bai wa haƙƙinta, sai a tauye ƙoda da sauran kayan ciki. Ita ƙoda kuwa, 'yan matatun da ke cikinta masu tace jini ana gama ƙera su ne kafin haihuwa, ba a ƙara ko ɗaya bayan nan. Wanda aka haifa da kaɗan, da kaɗan ɗin zai yi ta maneji har ƙarshen rayuwarsa, kuma yana cikin waɗanda hawan jini da ciwon ƙoda suka fi saurin kamawa. An ga irin wannan a Holan ma, inda yunwar da mamayar Jamus ta haddasa a hunturun 1944 zuwa 1945 ta bar alama a jikin waɗanda ke ciki a lokacin: da suka girma, ciwon suga da na zuciya sun fi yawa a cikinsu.

Kada mai karatu ya ce ai wannan can ƙasar Turawa ne. A ƙauyen Keneba da maƙwabtansa a Gambiya, masu bincike sun riƙa rubuta haihuwa da mutuwar mutane tun wajen 1950. Manoma ne irin namu, masu damina ɗaya, waɗanda rumbunsu ke ƙarewa daidai lokacin da aikin gona ya fi tsanani. A 1997 aka wallafa cewa waɗanda aka haifa a watannin yunwa sun fi waɗanda aka haifa a watannin wadata mutuwa da ƙuruciya, bayan sun riga sun balaga, kuma bambancin ninki ne ba ɗan kaɗan ba. Galibi cututtuka masu yaɗuwa ne suka kashe su. Gaskiya ne da aka yi irin wannan bincike a karkarar Senegal ba a samu wannan bambanci ba, don haka ba doka ba ce da za a ce ta hau kan kowa. Amma duk wanda ya san yadda mai ciki take a ƙauyukanmu a watan Agusta, ga noma, ga surfe da daka, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tuwo sau ɗaya a wuni, ya san ba daidai take da mai haihuwa bayan kaka ba.

Daga nan sai yaro ya faɗo duniya a ci gaba da cin bashin. A binciken 2018 ɗin nan, kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure suke, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba; a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. Mu kuma sai mu ce ai gado ne, danginsu duk gajeru ne. Wani lokaci gadon ne, amma sau da yawa abin da aka gada ba jini ba ne, tukunya ce. Yarinyar da ta tsumbure ita ce za a aurar ƙugunta bai gama buɗewa ba, ita ce naƙuda za ta yi wa gardama kwana biyu a ɗaki, in ta rayu ta samu yoyon fitsari, in jaririn ya rayu ya zo da ƙaramin nauyi. Kun ga an koma gidan jiya.

Akwai ma cututtukan da in ka ji sunansu ka san adireshin mai su. Cutar nan mai zaizaye baki da fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma (ba noman gona ba), har asibiti na musamman aka gina mata a Sakkwato a 1999, kuma a ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ɗan da ke ƙoshi ba ta san hanyar gidansu ba. Haka gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara a 2010. Iyayen yaran nan ba mahaukata ba ne da za su kawo dutsen zinare cikin gida a riƙa daka shi a turmi kusa da inda yara ke rarrafe. Noma ne bai ciyar da su, zinare kuma ya yi tsada. Waɗanda suka rayu cikin yaran, da yawa dalmar ta riga ta taɓa masu ƙwaƙwalwa, kuma yanzu samari ne da 'yanmata. Ranar da ɗayansu ya faɗi, za a ce gajeruwar rashin lafiya ce.

Wata Baturiya mai suna Polly Hill da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960 tana nazarin tattalin arzikin manoma, ta lura da wani abu da kowane ɗan ƙauye ya sani amma ba a cika faɗa ba: akwai talaucin da ke hana mutum noma gonarsa. Ruwa ya sauka, gidansa ba hatsi, dole ya tafi ƙwadago gonar wani don a ci yau, tasa gonar ciyawa ta cinye. Kaka ta yi ya girbe ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ya biya bashi da shi lokacin da hatsi ke arha, baɗi ya sake komawa ƙwadago. To haka lissafin yake a jiki. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya jinya, sai dai ya dakatar da ciwo: ya je kyamis a haɗa masa na ɗari biyu, ya samu ya miƙe ya fita nema, domin ranar da bai fita ba ba a ɗora tukunya. Hawan jini kuwa ba ya ihu. Shekara goma yana cin mutum a ɓoye, ba a taɓa ɗaura masa abin awo a hannu ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Matarsa kuma shekara talatin tana shaƙar hayaƙin itace a madafa marar taga, in tari ya kama ta a ce sanyi ne.

A nan zan ɗan yi tsokaci ga marubutanmu. A littattafanmu na hikaya, hawan jini ciwon Alhaji ne, yana kama shi ne ranar da 'yarsa ta ce ba ta son zaɓinsa, sai a kwashe shi zuwa Masar ko Jamus. Talaka kuwa in zai mutu a littafi, mota ce ke buge shi don labari ya ci gaba. A zahiri Alhajin yana shan ƙwayarsa kullum safe, ya shekara ashirin da ciwon yana harkokinsa. Mai gadinsa ne ciwon ke kayarwa.

Binciken da ya fi dacewa da abin da nake son faɗa an yi shi ne a Sikotland. A farkon shekarun 1970 aka auna lafiyar ma'aikata maza 5,766, aka kuma yi wa kowannensu tambaya uku: mene ne aikin mahaifinka, mene ne aikinka na farko, mene ne aikinka yanzu? Aka raba amsoshin gida biyu, aikin ƙarfi da aikin ofis. Sai aka bi su shekara 21. George Davey Smith da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon a 1997, ya fito kamar matakalar bene. Wanda ya taɓa aikin ƙarfi a mataki ɗaya cikin ukun ya fi wanda bai taɓa ba haɗarin mutuwa, mai biyu ya fi mai ɗaya, mai uku kuwa, wato ɗan lebura da ya fara da leburanci ya kuma tsufa a ciki, haɗarinsa ya ɗara na ɗan ofis ɗan ɗan ofis da kusan kashi 70 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne wanda ya taso a wahala daga baya ya samu sauƙi: ya fi wanda ya dawwama a cikinta, amma bai kamo wanda bai taɓa shiga ba. Arzikin da ya zo da rana tsaka yana rage bashin, ba ya goge shi.

Sai kuma wanda ya fi ba ni mamaki. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kimanin 18,000 a Landan, binciken da ake kira Whitehall, wanda Michael Marmot ya yi suna wajen nazarinsa. Waɗannan mutane duk suna da albashi, duk suna da fansho, asibiti kyauta ne ga kowa a ƙasar tun 1948. Ba mai kwana da yunwa a cikinsu. Duk da haka masinjoji da masu tsaron ƙofa sun ninka manyan jami'ai sau uku wajen mutuwa. Ba nan kaɗai ba, kowane mataki ya fi na samansa mutuwa, har mataki na biyu ya fi na ɗaya. Da aka cire tasirin shan taba da ƙiba da hawan jini, mafi yawan bambancin yana nan bai gushe ba. Da aka sake wani zagayen daga 1985, wannan karon har da mata, sai hankali ya koma kan wani abu daban: yawan ikon da mutum yake da shi a kan aikinsa da rayuwarsa. Wanda kullum sai dai a ce masa zo, tafi, tsaya, ba a tambayar ra'ayinsa, bai san abin da gobe za ta zo da shi ba, jikinsa yana zama ne cikin shirin ko-ta-kwana, kuma zuciya da jijiyoyin jini ne ke biyan kuɗin. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan, shi ya sa yake cewa baƙin ciki ya kashe wane. Mun ɗauka salon magana ne. Idan haka ta faru ga masinjan Landan mai albashi a kan kari, ina ga ɗan fanshon da ya shekara yana jeka-ka-dawo a kan haƙƙinsa, ko manomin da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa?

Akwai amsar da ake yawan ba ni in na yi wannan magana: "Kai Malam, kakana tuwon dawa da miyar kuka ya ci har ya shekara ɗari, ga masu kuɗi nan suna mutuwa da arba'in." Allah Ya jiƙan kaka. Amma a tambaye shi su nawa aka haifa a ɗakinsu, su nawa suka yi furfura. Shi ɗaya da ya rage muke gani, takwas ɗin da aka binne ba sa zuwa zaure a yi hira da su. Mai kuɗin da ya mutu da arba'in kuma ana sanar da shi a rediyo ne, shi ya sa muka ji. A Amurka, inda ake rubuta komai, wani bincike na 2016 ya nuna mazan da ke cikin kashi ɗaya mafi arziki sun fi na kashi ɗaya mafi talauci tsawon rai da kusan shekara 15, mata kuma da shekara 10.

To in haka ne, taimakonmu a makare yake zuwa. Mu mutane ne masu tausayi, ba a raba mu da wannan. In aka ce wane yana asibiti ana neman kuɗin wankin ƙoda, yanzu za ka ga an yi karo-karo a masallaci da waya. In ya rasu, a kawo buhun shinkafa gidan makoki, shinkafar da bai taɓa gani ba yana raye. Ɗan siyasa ma ya fi son biyan kuɗin aikin tiyata a ɗauki hoto, domin ba a ɗaukar hoton ciwon da bai faru ba. Alhali kuɗin wankin ƙoda na wata guda zai ciyar da masu ciki da yawa ƙwai da wake da maganin ƙarin jini har su haihu. Tun 1979 wani masani, John Caldwell, ya nuna da alƙaluman Nijeriya cewa karatun uwa yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfi wajen raya ɗa, binciken 2018 kuma ya sake tabbatarwa: 170 cikin 1,000 ga 'ya'yan matan da ba su yi makaranta ba, 56 ga na waɗanda suka wuce sakandare. Ajin 'yanmata a ƙauye asibiti ne, sai dai ba a rubuta haka a allon ƙofarsa ba.

Gwamnati kuwa, a Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Mai masaukin baƙin ba ta taɓa cikawa ba a kasafinta na tarayya. Sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fitowa, a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, kusan kashi biyu cikin uku nasu kuma a Arewa.

Akwai wani abu ƙarami da ba sai mun jira Abuja ba. Duk abin da Barker ya gano, littafin unguwarzoma ne ya ba shi. Mu kuwa mutuwar da ake yi wa rajista a Nijeriya ba ta wuce kusan ɗaya cikin goma ba. A watan Afrilun 2020, da mutane suka riƙa faɗuwa a Kano, wurin masu haƙar kabari 'yan jarida suka je neman adadi, sai daga baya Ministan Lafiya na lokacin ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas. Me zai hana kowace maƙabarta ta samu littafi guda, kwamitin unguwa ya sa wani ɗalibi ya riƙa rubuta suna, shekaru, sana'a, unguwa, da abin da iyali suka ce ya yi ajali? Littafi da biro ne kawai, sai ɗan abin sabulu ga mai rubutun. In aka shekara biyar ana cika na Dandolo da na sauran maƙabartun birni, a ɗauko su a jera, a duba shekarun 'yan dako da na 'yan kasuwar da suke yi wa dakon.